Sharhi: Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu



In mutum ya bar garin Sinnar a ƙasar Sudan ya yi kudu, bin gaɓar kogin Shuɗin Nilu, ba zai yi nisa ba zai iso Mai Wurno. A kasuwar garin zai ji ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Larabci, ga mai tsire yana barbaɗa ƙuli da yaji a kan naman da duk Sudan ta sani da suna agashe. Garin ya ci sunan wanda ya kafa shi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan an kashe mahaifinsa a yaƙin Burmi a 1903, shi ne ya ja ragowar masu hijira suka yi gabas, suka yada zango a garin Shehu Talha, daga baya suka haye kogi suka kafa nasu garin.

Ba su ne farkon zuwa ba. Tun da daɗewa alhazan ƙasa ke bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna neman Sawakin su haye zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma, a yi aure, a haihu, har niyyar hajji ta zama gadon da uba ke bar wa ɗa.

A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka buɗe gandun noman rani na Jazira, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan gangara zuwa arewa, saboda haka ruwa ke bin magudanai da kansa, ba sai an sa inji ba. Da aka ƙara yankin Manaƙil, gandun ya kai wajen eka miliyan 2, kuma shekaru da dama audugarsa ce ke kawo wa Sudan mafi yawan kuɗin waje. To wa ya tsinci audugar? Wa ya yi shema, ya yashe magudanai cikin rana? Kaso mai yawa na wannan gumi na Hausawa ne, da Barebari, da mutanen Darfur da Chadi.

Nan ne zancen ke da ciwo. Gonar haya da ake kira hawasha, akasari 'yan asalin yankin aka raba wa. 'Yan ƙwadago kuwa suka tare a bakin magudanai, a matsugunan da ake kira kanabi: ɗakunan laka da kara, da yawansu ba famfo, ba makaranta, ba takardar mallakar fili. Yara na ɗibar ruwan sha a magudanar da ake ban ruwa da ita, ga tsargiya, ga zazzaɓin sauro. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ma ta ɗora wa da yawansu wahalar tabbatar da asali, har jikan wanda aka binne a Jazira ana ce masa baƙo.

Wannan miki ne ya fashe a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022, lokacin da Hausawa suka nemi a ba su masarautarsu ta gargajiya, rikici ya tashi a kan wa ke da ƙasa. Ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu. Ba a gama jimami ba yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a 2023. Dakarun RSF suka kama Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disamba, sojoji suka ƙwato shi a Janairun 2025, kuma a tsakanin haka mazauna kanabi sun sha hari bisa zargin suna tare da wannan ɓangare ko wancan.

Yanzu ana maganar gyara magudanai da farfaɗo da gandun. A ganina, duk gyaran da bai haɗa da mayar da kanabi ƙauyuka na hukuma ba, da takardar fili da rijiya da makaranta, aikin baban giwa ne. Hukumar gandun da ke Barakat ta san inda kowane ɗaya daga cikin kanabi yake, tunda can ake zuwa neman ma'aikata duk lokacin tsinkar auduga.