Jadawalin da kwamfuta ke karantawa kafin ta farka

Masu gyaran kwamfuta a titin Beirut da ke Kano sun saba da wani abu: a goge laftof ta hannu, a sake ɗora mata Windows, sai ta karɓi lasisinta ba tare da an buga lamba ko ɗaya ba. Tun daga Windows 8, a 2012, kamfanoni suka koma ajiye lambar a cikin allon na'urar, a wani jadawali mai suna MSDM, maimakon takardar da ake mannawa a bayanta.

MSDM ɗaya ne daga cikin jadawalan ACPI, tsarin da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Kanel, wato zuciyar babbar manhaja, ba ta san komai game da injin da ta tashi a kansa ba. Manhajar allo, wadda masu gyara ke kira BIOS, ita ke shimfiɗa mata bayani: ga yawan firosesa, ga inda batir yake, ga yadda ake kunna fanka, ga abin da zai faru idan an rufe murfi. Kowane jadawali yana da suna mai haruffa huɗu, da adadin tsawonsa, da lambar tantance cewa bai lalace ba. Direbobi, ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan injin, su ke neman jadawalin da sunansa su karanta.

Matsalar ita ce, direba ya dogara ne da abin da aka rubuta masa, kuma masu ƙera kwamfuta da yawa suna gwada rubutun ne a kan Windows kaɗai. Idan kwamfutar ta yi aiki a can, shi ke nan, an sa a kwali. Abin ya kai ga cewa tun 2007, idan manhajar allo ta tambayi Linux, wata babbar manhaja daban da Windows, ko ita ce Linux, sai ta ce a'a, ta amsa sunan Windows, saboda hanyar Windows ce kawai aka gwada da kyau. Wannan abin kunya ne ga masu ƙerawa.

Wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne ɗalibin da ya sayi tsohuwar laftof, ya ɗora mata Linux saboda kyauta ce, sai ta ƙi farkawa daga barci ko fanka ta yi ta ihu. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, rubutun ne gurgu, kuma kamfanin ya daɗe da daina fitar da gyara.

Ya kamata hukumomi da jami'o'in da ke sayen kwamfutoci da yawa su sa gwaji a kan Linux cikin sharuɗɗan kwangila. Sassan koyar da kwamfuta kuma su nuna wa ɗalibai acpidump da iasl, manhajoji biyu na kyauta da ke fito da jadawalan su mayar da su rubutun da ido zai iya bi.