Ganyen Albasa a Gonar Shinkafa

A daminar bara, a fadamar Argungu, wani dattijo ya miƙo mini tushen shinkafa ya ce, “Malam, ku da kuka yi karatu, me ya kawo albasa gonata?” Cikin ’ya’yan shinkafar akwai wani farin bututu mai rami, tamkar ganyen albasa. Ya ce sau biyu yana feshi da kuɗin bashi, amma abin sai ƙaruwa yake.

Wannan bututu ƙullutu ne, irin wanda tsiro ke yi idan ƙwaro ya tilasta masa gina wa tsutsarsa ɗaki. A Sham da Turkiyya wata ƙaramar rina ce ke haddasa irinsa a jikin itace, har aka shafe ƙarnoni ana haɗa tawada da shi. Na shinkafa kuwa aikin wani ƙwaro ne mai kama da sauro. Yakan yi ƙwai a kan ganye, tsutsar ta gangara cikin zuciyar tsiron, sai kuben ganye ya rikiɗe ya zama bututu. Reshen da ya yi haka ba zai fitar da zangarniya ba. A shekarar 1988 ƙwaron ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki.

Gane shi ba wuya. Idan ganyen tsakiya ya bushe, ka ja shi ya zare, tsutsar kara ce. Idan kuwa bututu ne ɗanye, to ƙullutu ne. In ka ga huda kusa da bakinsa, mai ɗakin ya riga ya tashi.

Na ce, “Baba, feshin nan bayan ɓarna ya zo.” Bugu da ƙari, akwai wasu mitsi-mitsin rina da ke hallaka tsutsar, kuma guba ba ta bambance su da maƙiyi.

Maganin yana ga riga-kafi: shuka da wuri kuma a lokaci guda da maƙwabta, kawar da gyauro da shinkafar daji inda ƙwaron ke fakewa da rani, da neman iri mai juriya.

Kirana ga malaman gona a Birnin Kebbi da ɗalibanmu shi ne su shiga fadama tun shinkafa na ’ya’ya, su koya wa manomi wannan bambanci kafin ya sake cin bashin magani.