Kullen kwamfutar kafe ba rowa ba ce

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga shagon intanet ya san abin da ke tarbarsa. Da an kunna kwamfuta, allo ba ya nuna komai sai ɗan akwati mai neman lambar tikiti. Sai ka biya, mai shago ya ba ka lamba, sannan agogo ya fara cin mintunanka. Manhajoji irin su HandyCafe da CyberCafePro ne ke wannan aiki, suna tashi tare da Windows tun kafin hannun kowa ya kai ga linzami.

Da yawa cikinmu na ganin son kuɗi ne kawai. Har akwai masu bugun ƙirji cewa sun iya danna Ctrl da Alt da Del su kashe agogon, su yi awa guda a ɓagas. Ni dai ban ga abin burgewa ba. Mai shagon nan shi ke sayen man janareta in an ɗauke wuta, ga kuɗin data, ga haya.

Amma abin da ya fi damuna asararmu ce, mu ɗalibai. Kwamfutar da ke a buɗe, kowa na iya zama ya dasa mata manhajar da ke naɗe duk harafin da aka danna. Sai kai ka zo bayansa ka shigar da lambar katin duba sakamakon WAEC, wadda sau 5 kaɗai take aiki, ko kalmar sirrin imel ɗin da ka yi rajistar JAMB da shi. Wanda ya dasa ta zai dawo da yamma ya kwashe abinsa.

Kullen tikiti shi kaɗai ba ya hana wannan, tunda ɓarawon ma yana iya sayen tikiti. Shagon kirki yakan haɗa da manhaja irin Deep Freeze, wadda ke share duk abin da aka ƙara da zarar an kashe kwamfutar an sake kunnawa. Don haka kafin ka zauna, tambayi mai shago ko yana da ita, ka kuma roƙe shi ya sake kunna kwamfutar a gabanka. In ka gama, ka fita daga imel ɗinka da hannunka, kada ka bari agogo ya rufe allo alhali akwatinka na buɗe.

Malamanmu masu kula da ɗakin kwamfuta, muna roƙon a yi wa namu kwamfutocin irin wannan kulle kafin lokacin rajistar bana.