Abin da Gari Ke Rubutawa a Bayan Kwabonsa

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, ina labarin wanda ruwa ya cinye masa gidan? Wannan tambaya ce ta kai ni ga tsoffin kuɗin daular Rum a wannan mako.

Da Rumawa suka mallaki ƙasashen Girkawa, sun ƙyale ɗaruruwan birane suna ƙera kwabban tagulla na cefanen yau da kullum. A gaban kwabo akan sa kan sarkin Rum, bayansa kuwa na gari ne, ya zana abin da yake tinƙaho da shi cikin hikayoyin kakanninsa. Mutanen Koranti suka sa Fegasus, doki mai fukafukai. Garuruwan Abidos da Sestos, waɗanda mashigin teku ya raba, suka zana saurayi Liyanda yana iyo zuwa ga masoyiyarsa Hero, ita kuma tana kan hasumiya riƙe da fitila. Iskandariya ta siffanta Kogin Nilu da dattijo mai gemu. A ƙarshen ƙarni na 3 aka daina ƙera su, bautar gumakan ma ta gushe, amma har gobe kwabban na shaida wa manazarta yadda kowane gari ya ɗauki kansa.

Mu a ƙasar Yawuri da wuri aka yi ciniki, shi kuwa ba ya ɗaukar rubutu. Anini da kwabo mai huji da Turawa suka kawo sunan sarkin Ingila suke ɗauke da shi. Labarinmu a bakin dattawa ya zauna. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutum sama da 40,000, tsibiran Gungawa da dama suka nutse da kufansu da makabartunsu. Wanda ya bar tsibiri yana ɗan shekara ashirin, yau ya kusa tamanin.

Ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga ba su da ikon buga kuɗi, amma suna da makarantu, ga kuma bikin Rigata. Ina ba su shawara su haɗa kai da masarauta a naɗi muryoyin dattawan nan da harshensu, a rubuta sunan kowane tsibiri da labarin kafuwarsa, a koyar da yara. Bana ya kamata a fara, domin baɗi masu ba da labarin sun ragu.