Nasiha a Kan Yaranmu Masu Neman Sana'ar Kwamfuta

Ya ku malamai 'yan'uwana, da ku attajiran Muciya da Sabon Gari da Samaru, maganata a yau a kan 'ya'yanmu ce, waɗanda ke neman ilmin kwamfuta domin su ci abinci da shi.

Gardama a kan amfanin wannan ilmi ta riga ta ƙare. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a bisa kwamfuta baki ɗaya, kuma a farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi wuya, har mai awon hatsi sai da ya karɓi kuɗinsa ta waya. Abin da nake ja a kai shi ne yadda iyaye suka ɗauki takardar shaida tamkar ita ce sana'ar. Uba ya biya kuɗin wata uku ko shida a wani ɗaki mai allo a ƙofa, yara sun yi cincirindo a kan na'ura ɗaya, wuta kuwa sai an ga dama, sa'an nan yaro ya fito da takarda mai hatimi, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye.

Mu mutanen allo mun san ba a kiran mutum alaramma don wani ya sa masa hannu. Sai ya zauna gaban na gaba da shi ya kawo hadda, ya kuma yi satu da hannunsa, a duba wasali da ɗigo. To, haka mai ba da aiki yake yi. Zai ajiye na'ura gaban yaro ya ce gyara, ko haɗa waɗannan su yi magana da juna, ko rubuta mini tsarin da zai riƙe lissafin kaya, kuma nan take ake gane wanda hannunsa ya saba. Saboda haka kada uba ya biya ko kwabo sai ya taka da ƙafarsa ya ƙirga na'urorin wurin, ya tambayi inda suke samun wuta, da wanda ke koyarwa, da inda ɗaliban bara suke aiki yau. Ai falke ba ya sayen buhun masara sai ya soka ya ga ƙwaya.

Zariya ba ta rasa wuraren koyo ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962, da cibiyarta ta kwamfuta mai sunan Iya Abubakar, ga kuma kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, watau niyyar horar da mutum miliyan uku. Ɗaliban manyan makarantu kuma akan tura su koyon aiki na watanni, abin da suke kira SIWES. Wanda ya kwana a gida ya nemi a cika masa littafi, kansa ya cuta.

Ga malamai ina da magana mai ɗaci kaɗan. Umarnin da ake ba na'ura da haruffan boko da kalmomin Ingilishi ake rubuta shi, kuma yana bukatar hisabi. Gardin da ya haddace yana da haƙuri da kiyaye harafi, kuma wannan sana'a tana son haka ƙwarai, domin ɗigo ɗaya in ya ɓace aikin duka ya tsaya. Amma in ba mu bar shi ya koyi boko da rana ba, mun rufe masa ƙofar. Malam Isa Ali Pantami ya haɗa karatun addini da na kwamfuta, ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016, ya yi ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023.

Amma aikin fari, ya ku attajirai, a hannunku yake. Kowane ofis cewa yake sai wanda ya taɓa aiki, alhali littafin bashinku da ƙirgen kayanku suna nan cikin takardun da ruwa da gara ke ci. Ku ɗauki yaron unguwa ya shigar da su na'ura, ku yanka masa lada tun kafin ya soma, ku gwada shi wata uku, in ya riƙe amana ku shaide shi gun abokan cinikinku. Yaro kuma kada ya raina shagon buga takardu a Samaru ko teburin gyaran waya a PZ, domin nan ake fara ganin hannunsa. Sai dai lambar sirrin asusunku ta banki, wannan ku riƙe ta a ƙirjinku, ko da yaron ɗan cikinku ne.