Yumɓun Kwarin Rima Da Yaƙi Da Ɗumamar Yanayi

Idan dai ba a manta ba, ambaliyar shekarar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Masana sun bayyana cewa iskar kabon da masana'antu da injuna ke fitarwa tana ɗumama duniya, wanda ke ƙara tsananta irin wannan ambaliya.

Daga cikin hanyoyin kama wannan iska akwai amfani da yumɓu. Ana wanke shi da asid domin ƙananan kafofinsa su buɗe, sannan a jiƙa shi da sinadarin amin. Idan hayaƙi ya ratsa shi, sai kabon ya maƙale. In aka gasa shi kaɗan, sai ya saki iskar a tattara ta, a sake amfani da yumɓun. Arharsa ce ta ja hankalin masu bincike, kodayake galibin aikin yana matakin gwaji.

A 2021 Nijeriya ta ɗauki alƙawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, don haka darajar yumɓu na iya tashi. Allah ya albarkaci Jihar Kebbi da shi, har da farar ƙasa a Kaoje da Giro. Sai dai ba kowane yumɓu ne ya dace ba, sai an auna, kuma wannan aiki ne da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi za ta iya taimakawa.

Muna kira ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi da su tantance wuraren da yake, kuma kada su yarda a haƙa ma'adini ba tare da lasisin Gwamnatin Tarayya ba, kamar yadda dokar 2007 ta tanada.