Bindigar Harbin Kasko: Shawarar Da Na Ba Ɗan Yayana

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, yayana ya aiko a kira ni gidanmu na gado da ke Ƙofar Rini. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, waya a hannu, fuska a murtuke. Ko gaisuwa ba mu kammala ba ya miƙo mini wayar, ya ce, "Dakta, diba wanga abu. Karatu munka tura yaron ga, mi yak kai shi ga bindiga?" Hoton ɗansa ne na fari, wanda ke karatun digiri na uku a fannin injiniya a Ingila. Ga shi tsaye a wani fili mai ciyawa, kunnuwa a toshe, bindiga mai baki biyu a karye bisa dantsensa, yana ta murmushi. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa ya shiga ƙungiyar harbi ta jami'arsu, ya kuma tara kusan fam dubu ɗaya daga aikin da yake taɓawa a ƙarshen mako, yana so a tambayar masa Baffa wace bindiga ta dace ya fara saya.

Ban ga laifin yayana ba. Mutumin da ya shafe shekarun nan yana karɓar ta'aziyya daga Sabon Birni da Isa da Goronyo, wanda kullum yake wuce matan da suka baro ƙauyukansu suna bara a bakin titi, ba za a ce masa bindiga abin wasa ce ya yi dariya ba. Muna yara, in aka ce 'yan bindiga, mutanen sarki ake nufi, masu cika bindigar toka da albarushi suna ta da ƙura a gaban dawaki ranar hawan salla. Yau kalmar ta koma abin da kowa ya sani. Saboda haka sai da na fara yi masa bayanin wasan kansa, kuma shi zan fara yi wa mai karatu.

Turawa sun daɗe suna gasar harbin tantabaru masu rai, a sako su daga keji a harbe. A wasannin da aka yi a Faris lokacin gasar Olamfik ta 1900 an kashe tantabaru kusan ɗari uku, Birtaniya kuwa ta haramta irin wannan gasa a 1921. Tun kafin nan, a 1880, wani mutumin Cincinnati ta Amurka mai suna George Ligowsky ya ƙirƙiro ɗan faifai na yumɓu da ake cillawa sama a madadin tsuntsu. Shi nake kira kasko. Na yau da kwalta da farar ƙasa ake yin sa, faɗinsa santimita 11, nauyinsa giram 105, inji ke wurgo shi da gudun da ya kai na mota a kan babbar hanya. Maharbi ya ɗaga bindiga, ya bi shi da ido, ya tarwatsa shi kafin ya faɗi. Zagaye ɗaya kasko 25 ne. Wasa ne da Larabawan Gulf suka yi fice a cikinsa: Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004, Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci nasa a Rio a 2016, ɗan ƙasarsu Abdullah Al-Rashidi kuma ya ci tagulla a Tokyo yana da shekara 57. Da na kawo waɗannan sunaye na ga fuskar yayana ta ɗan saki.

Dalilin da ya sa yaron ya ce a tambaye ni shi ne, ni ma na taɓa wannan harka lokacin da nake nawa karatun a can, kuma na tafka kuskuren da nake so ya kauce wa. Na ga wata tsohuwar bindiga mai hanci biyu a jere, an sa mata kuɗin da bai kai na keke ba, na yi wuf na saya ina murna na yi dabara. Bindigar farauta ce marar nauyi, an ƙera ta don mutumin da zai yini yana yawo a daji ya yi harbi biyar ko shida. Ni kuwa harbi hamsin nake yi a jere. Kafin wata guda kafaɗata ta yi tsami, kumatuna ya kumbura, har na fara runtse ido tun kafin in ja kunama, ɗabi'ar da na fi shekara ina fama kafin ta bar ni. Da na tashi rabuwa da ita, ba wanda ya taya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana; ni dai tawa ko kasko ba ta fasa ba.

Abu na farko da na rubuta masa shi ne kada ya sayi komai tukuna. Dokar Birtaniya ta yarda wanda ba shi da lasisi ya yi harbi da bindigar aro a filin da 'yan sanda suka amince da shi. Ya yi wata shida yana aron na ƙungiya, yau wannan gobe waccan, har kafaɗarsa ta gaya masa wadda ta karɓe shi. Bindigar harbin kasko ba a auna bara da ita kamar yadda soja ke yi da tasa. Harsashinta ɗauke yake da ƙananan ƙwayoyi ɗari uku zuwa huɗu da ke bazuwa a iska, maharbi kuma kaskon yake kallo, ba hancin bindiga ba. Idonsa ne saiti. In gindin bindigar ya yi masa tsawo ko gajarta, ko kumatunsa bai zauna daidai a kan katakon ba, to inda yake kallo daban, inda ƙwayoyin za su tafi daban, ko da Beretta ce ta ƙera ta, kamfanin Italiya da ke wannan sana'a tun 1526. Kamar takalmi ne: na fam dubu da ya matse ka bai kai silifa da ya yi maka daidai ba. Na kuma ce ya gwada idonsa. Ya miƙa hannu ya nuna wani abu da yatsa, idanu biyu a buɗe, sannan ya rufe na hagu. In yatsan bai gusa ba, idon dama ne jagora. In ya gusa, alhali shi da dama yake aiki, akwai gyaran da mai koyarwa zai yi masa tun kafin a yi maganar ciniki. Mutane da yawa sun zargi bindiga a kan laifin ido.

Game da siffa ban tsawaita ba, domin kusan duk masu wannan wasa bakinsu ɗaya. Mai hanci biyu, ɗaya bisa ɗaya, lamba 12, tsawon hanci inci 28 ko 30, nauyi wajen kilo uku da rabi. Nauyin nan alheri ne, shi ke shanye naushin da bindiga ke kai wa kafaɗa. Ta kasance mai zoben matsi da ake kwancewa a bakin hanci, wanda ke ƙayyade yadda ƙwayoyi za su bazu, don ta yi masa aiki a kan kasko na kusa da na nesa. Akwai mai hanci ɗaya da ke ɗura wa kanta harsashi, tana da sauƙin kuɗi da laushin duka, amma ban so masa ita ba. Mai baki biyu in an karya ta kowa na gani daga nesa cewa ba komai a cikinta, kuma wannan ita ce ƙa'ida ta farko a fili: ba a taka ko'ina da bindiga a rufe.

Inda na fi daɗewa shi ne ma'anar araha kanta. Ya aiko mini da farashin da ya gani. Sababbin bindigogin Turkiyya, irin su ATA da Yildiz da Kofs, ba su kai fam dubu ba. Sabuwar Beretta 686 kuwa ta ninka abin da ke aljihunsa. A tsakani akwai na hannu, Miroku ta Japan ko Browning ko tsohuwar Beretta, da ake iya samu a daidai kuɗinsa in an yi haƙurin nema. Shi hankalinsa ya karkata ga sabuwa, kamar kowane matashi. Ba na kushe na Turkiyya. Sun inganta ƙwarai, kuma sabuwa tana zuwa da garanti. Sai dai na ce masa ya ɗauki biro. A lissafinsa, kwalin harsashi 25 da kasko 25 suna cin kusan fam 18. In yana zagaye biyu a mako, a shekara ya kashe abin da ya haura fam 1,800, wato kusan ninki biyu na kuɗin bindigar. Ga kuɗin lasisi, wanda aka ɗaga zuwa fam 194 a farkon 2025, ga takardar likita, ga akwatin ƙarfe da za a kafe a bango wanda ɗan sanda zai zo ya duba, abin da ba kowane mai gidan haya ke yarda da shi ba. Bindigar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin hidimar. Wanda ya sayi doki ya san ba ranar ciniki ake gane tsadarsa ba, sai an shiga sayen harawa.

In ya zaɓi ta hannu, na ce ya je shagon da ke da rajista, tare da wanda ya fi shi sani. Ya cire katakon gaba ya girgiza ta. In ya ji hancin na motsi a mahaɗa, ta gaji. Ya ɗaga hancin ya leƙa ta cikin haske, ya nemi tsatsa ko loɓawa. Ya duba tambarin gwaji da ake bugawa a ƙarƙashin hanci, domin a can laifi ne a sayar da bindigar da ba a gwada ƙarfinta ba. Ɗaya daga cikin gidajen gwajin yana Birmingham tun 1813, garin da maƙeransa suka yi ta ƙera bindigogi masu arha ana jigilarsu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Adakar da maƙeranmu ke yi har yau jikar irin waɗancan ce, kuma duk wanda ya zauna da mafarauta ya ga mai yatsu uku. Na ƙara masa da cewa ya tabbata hancin zai jure ƙwayar ƙarfe, saboda a 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirinta na hana harsashin dalma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan dalili.

Sai babbar magana, wadda ita ce ta yanke hukunci. Wannan bindiga ba za ta biyo shi gida ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda muke kanta har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, da sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma masu ɗura wa kansu harsashi suna cikinsu. Akwai na ƙashin kai, irin mai baki biyu, da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai bindigar toka, da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. A takarda ke nan. A aikace, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara a watan Yunin 2022 su nemi lasisin bindiga don kare kansu, hukumomin tsaro sun fito sun ce ba shi da wannan hurumi, kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Jami'an kwastan da suka kama bindigogi 661 a Legas a Janairun 2017, da wasu 1,100 a Satumbar shekarar, ba za su tsaya sauraron labarin kasko daga bakin ɗalibi ɗan Sakkwato ba.

Tunda haka ne, ainihin kuɗin bindigarsa shi ne bambancin abin da ya biya yau da abin da za a ba shi ranar da zai tattara kayansa nan da shekara uku. Sabuwa mai arha tana zubar da wani kaso na darajarta tun ranar da ta bar shago. Miroku ko Beretta ta hannu kuwa wani ya riga ya ɗauki wannan asara, masu nemanta ba sa yankewa, kayan gyaranta na ko'ina. Zai iya sayenta ya more ta, ya sayar kusan yadda ya saya. Ita na ce ya nema, in watanni shida sun cika bai gaji da wasan ba, kuma bai taɓa kuɗin makaranta ba. In ya gaji, fam dubunsa na nan.

Wani abokin aikina da na ba wannan labari ya ce mini rashin kunya ne a cika shafin jarida da maganar harbin nishaɗi alhali ana binne mutane. Na fahimce shi, amma ban bi shi ba. A filin harbin nan ne na fara ganin wurin da bindiga ke ƙarƙashin doka ɗari bisa ɗari: an san mai ita, an san lambarta, an san inda take kwana, kuma yaro ɗan shekara goma sha shida zai iya tsawata wa farfesa in ya juya da ita a rufe, farfesan ya ba da haƙuri. A nan gida mun tsaya tsakanin malamin makaranta da ba zai sami lasisi ba da ɗan ta'adda da bai taɓa nema ba. Ina so ɗalibanmu su san cewa akwai wani tsari na uku, ko da a ƙasar wasu suka gan shi.

Da na gama karanta wa yayana amsar kafin in aika, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in sake nuna masa bidiyon da yaron ya haɗo da hoton. Kasko ya tashi, aka ji ƙara sau biyu, kaskon ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau har ya sauka a ciyawa. Ya kalla sau uku. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ƙara mishi da cewa ban yarda uwatai ta ga hoton ga ba. Kuma ya bar sayen komi sai ya iya samun abin."